Wasiƙa daga Napoli zuwa Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya kamar yadda nake a nan. Yaya ƙafar Inna? Ka ce mata man shafawar yana hanya.

Na ji saƙonka cewa an fara auna filin bayan unguwarmu za a yanka fulotai. Wallahi daren nan barci bai ɗauke ni ba. A filin nan na fasa ɗan yatsa, a nan ka taɓa marina don na ƙi tsaron gida. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta maka, waya ba za ta ɗauki zancen ba.

Ka san a Italiya abin juye yake da namu: Arewa ce mai masana'antu da kuɗi, Kudu kuma ita ake yi wa kallon talakawa. Napoli a Kudu take. Shekara da shekaru kofin babbar gasar ƙwallon ƙasar yana yawo tsakanin Juventus da Milan da Inter, duk 'yan Arewa, sai da Maradona ya zo a 1984 ya ɗauko wa Napoli shi a 1987, ya ƙara a 1990. Dattijon da nake sauke wa kayan gwari a kasuwa, in ya fara ba ni labarin 1987 sai idonsa ya kawo ruwa. Ba ya ma zancen ƙwallayen da aka ci. Abin da yake maimaitawa shi ne, ranar ce 'yan Arewa suka san su ma mutane ne.

Da Maradona ya mutu a 2020 sai suka sa wa filin wasansu sunansa. Akwai wani lungu a tsohon gari da aka zana hotonsa ƙato a jikin bango, mutane na zuwa har da kunna kyandir kamar wurin ibada. Wannan kam wa'iyazubillahi, na wuce na kawar da kai.

Ina nan ranar 4 ga Mayu 2023, da Osimhen, ɗan Najeriyar da ke buga wa Napoli a lokacin, ya farke wa Udinese ƙwallo aka tashi ɗaya da ɗaya, kofi ya dawo bayan shekara 33. Yaya, ka tuna hawan Sallah in Sarki ya doso Ƙofar Soro? To ka ninka shi, ka shafa masa shuɗi. Tsofaffi mata a kan barandar bene suna buga tukwane, yara a kan babura, wasan wuta har asuba. A makon nan duk baƙar fata sunansa Osimhen. Mai shayin da bai taɓa amsa gaisuwata ba ya ƙi karɓar kuɗina. Ban ruɗu ba dai, na san tuwon girma miyarsa nama, kuma ba don ni aka dafa ba. Da Osimhen ya koma Turkiyya, muka koma yadda muke.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba kofin ba ne. A 2004 kulob ɗin nan ya karye, bashi ya cinye shi, aka jefa shi rukuni na uku. Mutanen gari ba su koma goyon bayan Juventus ba. Dubbansu suka ci gaba da zuwa fili suna kallon 'yan wasan da ba kowa ya san sunansu ba, har suka hauro rukunin farko a 2007. A nan yaro gadon kulob yake yi kamar yadda yake gadon gida.

Sai na tambayi kaina, sau nawa na shiga Karkanda kallon Katsina United? Sau biyu, ɗaya ma don an buɗe ƙofa kyauta ne. Amma naira nawa na zuba a gidan kallo saboda Madrid? Ni da kai mun yi wata guda ba ma magana a kan Barcelona, garin da ba mu san hanyarsa ba. Muna cewa ai kulob ɗin gwamnati ne, ba namu ba. Alhali Katsina ba baƙuwar wasa ba ce. Marigayi Baba in ya fara labarin Sarki Usman Nagogo a filin folo, ba ya gajiya, kuma bakinsa "namu" yake cewa, ba "nasu" ba. Sunan mahaifinsa Sarki Dikko ne ma a kan filin Karkandan.

Don haka ga roƙona. Ka samu mai unguwa, ku tafi da liman da dattawa biyu ko uku, a ji wa ya ba da izinin awon, a roƙa a bar wa yara ko da rabi. Kada samari su je su kaɗai, za su ɓata zancen da zafin kai. Na turo kuɗi ta hannun Kawu: kashi ɗaya na cefanen Inna, sauran a sayi ƙwallo biyu da riguna, a yi walda a kafa raga ta ƙarfe. Filin da aka ga raga a tsaye da yara a ciki kullum la'asar ya fi wuyar taɓawa.

Rigunan kuma kar a sayo na Madrid ko Barcelona. A kai wa tela ya rubuta Ƙofar Marusa a baya. Ka kai Auta Karkanda wasa na gaba, kuɗin ƙofa a kaina, ka turo mini hoto.

A gaida Inna da matarka da yara.

Ƙaninka,
daga Napoli