A haɗa layukan wuta da maƙwabta, amma a fara ɗaure alkawari

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in faɗi albarkacin bakina kan maganar haɗa manyan layukan wutar lantarki na ƙasashen Afirka ta Yamma. Ni tsohon ma'aikacin lantarki ne a Birnin Kebbi. Na yi ƙuruciyata a kan turaku, bel a ƙugu, filaya a aljihu, har gwiwa ta ce ta gaji. Idan ana wannan magana a rediyo nakan ji ana tambaya ko abin mai yiwuwa ne. A wurina wannan tambaya ta daɗe da samun amsa, domin wayar da ta tashi daga garinmu ta bi ta Dosso zuwa Yamai tana ɗauke da wuta tun 1976. Akwai kuma wadda ta tashi daga Katsina ta shiga Gazawa, ta ciyar da Maraɗi da Damagaram. Ƙarfe da waya ba su taɓa neman fasfo ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya sami 'yar ƙanwata da ke aure a Dosso. Sana'arta ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, da firiza biyu da ta tara kuɗinsu a adashe. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Najeriya kuma ta yanke wutar a farkon Agusta. A lokacin, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke sha daga nan take zuwa. Ta kira ni da dare, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce, "Kawu, ku da kuka san aikin, yaushe za a gyara?" Ta ɗauka waya ce ta tsinke. Sai da na yi shiru kafin na iya gaya mata cewa babu abin da ya lalace, hannu aka sa aka kashe. Ta sayar da firiza ɗaya kafin a janye takunkumin a watan Fabrairu na 2024, aka maido da wuta bayan nan. Ita ba ta san kowa a fadar shugaban ƙasa ba, ba ta kuma taɓa riƙe bindiga ba, amma ita ce ta biya.

Ba siyasar juyin mulki na zo yi ba, kowa da ra'ayinsa a kai. Abin da nake so masu tsara mana manyan layuka su gane shi ne, ranar da aka kashe wannan layi an koya wa kowace ƙasa a yankin nan darasi guda: kada ka rataya asibitinka da famfon ruwanka a wayar maƙwabci. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Yau Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS tun Janairun 2025, ga shi kuma ECOWAS ɗin ce ta kafa WAPP a 1999, hukumar da ke Kwatano wadda aikinta shi ne haɗa layukan yankin su zama kasuwa ɗaya. Babban aikinta a ɓangarenmu shi ne layi mai ƙarfin kilobolt 330, tsawon kusan kilomita 875, daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, da reshe zuwa Malanbil a Jamhuriyar Binin, sannan ya zarce Wagadugu. Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka na cikin masu zuba kuɗi. To ka duba taswira, Malam Edita: biyu daga cikin ƙasashen da layin ya ratsa ba sa cikin ƙungiyar da ta haife shi. In ba a rubuta a takarda, aka sa hannu, cewa wuta ba ta shiga cikin takunkumi ko wane irin saɓani aka yi ba, za a kafa turakun a kuma ja wayar, amma kowa zai ci gaba da sayen janareta a ɓoye.

Na san abin da wasu 'yan'uwa ke cewa a majalisa: muna cikin duhu, me ya kai mu ba wa wasu wuta? Ina fahimtar zafin, ni ma a duhun nake kwana. Amma a tuna daga ina ruwan Kainji yake zuwa. Kogin Kwara sai ya ratsa Nijar kafin ya shigo mana ta jihar Kebbi. Madatsar Kainji da aka gama a 1968, da ta Jebba da ke ƙasanta, duk wannan ruwa suke sha. Dattawan da suka ja waya zuwa Yamai sun san abin da suke yi: ka ba maƙwabci wuta, shi kuma ya bar maka ruwa ya gangaro. Yanzu Nijar na gina tata madatsar a Kandaji, kuma bayan abin da ya faru a 2023 wa zai ga laifinta? Wutar nan kuma ba sadaka ba ce, sayarwa ake yi. In akwai bashi, kuma rahotannin NERC, hukumar da ke kula da harkar lantarki a Najeriya, sun sha nuna cewa akwai, a zauna a bi shi kamar yadda 'yan kasuwa ke bin bashi, da wa'adi da jingina.

Sai kuma gyaran namu gidan, wanda shi ne ya fi damuna a matsayina na wanda ya yi aikin. Haɗa manyan layuka biyu ba kamar ƙulla igiya ba ne. Wutar da ke cikin waya bugawa take yi, sau 50 a kowane sakan, kuma dole kowane inji da ke kan layin, daga Egbin a Legas har Akosombo a Gana, ya buga tare da sauran. Duk wanda ya taɓa ganin mata uku suna lugude a turmi ɗaya ya san abin da nake nufi. Muddin hannu ya daidaita, daka na sauri, har da waƙa. Da zarar ɗaya ta yi gaggawa ko ta yi nawa, taɓare sun haɗu, wata ta ji ciwo, tsaba ta zube. Layinmu na ƙasa shi ne mai hannun da ba ya tsayawa wuri ɗaya: bugunsa ya hau, ya sauka, kuma a 2024 kaɗai ya durƙushe fiye da sau goma. Wace ƙasa ce za ta so ta sa taɓaryarta a turminmu a haka? In muka faɗi muna iya jan ta mu faɗi tare. Ko Turai da ake yabo ta ɗanɗana wannan a Nuwamban 2006, lokacin da aka kashe layi ɗaya a Jamus don jirgin ruwa ya wuce, gidaje wajen miliyan 15 a ƙasashe da dama suka shiga duhu.

Akwai dabarar da ake yi wa irin wannan. Ana iya juya wutar ta zama mai gudu ɗaya marar bugu, a tura ta, sannan a can a maido ta daidai da bugun masu karɓa, kamar yadda aka yi a layin Habasha zuwa Kenya mai tsawon fiye da kilomita 1,000. Ta haka rikicin wani gida ba ya tsallaka katanga. Sai dai tashoshin juyin suna da tsada ƙwarai. Abin da ya fi mana araha shi ne mu tilasta wa tashoshinmu su riƙa ajiye rarar ƙarfi da injinan da ke daidaita kansu, mu kuma biya bashin iskar gas don kada su riƙa tsayawa babu sanarwa.

Ɗana yana aikin walda a Kano. A watan Oktoba na 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan na Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya samu matsala, Kano da Kaduna da Katsina da Bauci da Gombe da sauran jihohi suka kwashe fiye da mako guda babu wuta. Ya ce mini kullum da safe sai ya buɗe shago, ya share, ya zauna a kan benci yana kallon ƙofofin mutane da ya karɓi kuɗinsu bai haɗa ba. Kuɗin man janareta ya fi ribar aikin. Da yake ba ni labari sai na ji kamar muryar 'yar'uwarsa ta Dosso nake ji. Ita hannu ya yanke mata, shi ɓarna ta yanke masa, amma ciwon ɗaya ne: gari guda, ko yanki guda, a rataye a waya ɗaya ko biyu, duk daga kudu suke tahowa.

Wannan ne ya sa nake goyon bayan haɗin duk da abin da na lissafa. Waya ba ta san gaba da baya ba, inda aka tura wuta nan take bi. Yau mu ke ba Nijar, amma ƙasar da Allah ya hore wa rana irin tata, wadda ta riga ta buɗe tashar hasken rana mai megawat 30 a Gorou Banda kusa da Yamai, gobe tana iya zama mai sayar mana da rana tsaka, mu mayar mata da ta ruwa da dare. Lokacin da wuta ta ɗauke a Sifen da Fotugal ranar 28 ga Afrilu 2025, layukan Faransa da na Maroko na cikin abin da aka tayar da su da shi. Da Arewa na da ƙofa ta uku ta wajen Katsina ko Kebbi mai ɗaukar kaya da gaske, da ɗana bai yi mako yana share shago ba.

Roƙona ga 'yan majalisarmu na Kebbi da Sakkwato da Katsina da Jigawa, waɗanda mazaɓunsu ke bakin iyaka kuma suke da dangi a tsallake, su tambayi ma'aikatar lantarki a zauren majalisa inda aikin layin Birnin Kebbi ya kwana, da ranar da za a gama shi. Su nemi a shigar da sharaɗin hana yanke wuta saboda siyasa a cikin yarjejeniyar sayarwa, ya ɗaure mu ya ɗaure su. Su kuma nemi a sa sarakuna da masu unguwannin garuruwan da turakun suka ratsa cikin tsaronsu, a ba waɗannan ƙauyuka wuta daga layin da ke wucewa ta kan gonakinsu. Na sha tsayawa a ƙarƙashin babbar waya tana kuka a samana, ga ƙauye a gefe ana kunna aci-balbal, mai gari yana tambayata ko ta ina ake roƙo a sauko musu da ita.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wani tsohon ma'aikacin lantarki,
Birnin Kebbi.