Kiristocin farko ba su ɗauki zunubi a matsayin sirrin mutum ɗaya ba

Zuwa ga Edita,

Gaisuwa da fatan alheri. Na saurari shirinku na ranar Lahadi kan tarihin ikilisiyar farko, na kuma ƙaru. Sai dai magana guda ta tsaya mini a rai. Baƙonku ya ce a wurin magabatan Kirista, zunubi lamari ne tsakanin mutum da Mahaliccinsa, babu ruwan kowa. Malam ya yi haƙuri, ba haka suka ɗauke shi ba.

A duba Agustin, wanda aka haifa a shekarar 354 a Tagaste, garin da yau ake kira Suk Ahras a Aljeriya, daga baya ya zama bishop na Hippo. A littafin da ya tona asirin rayuwarsa, ya daɗe yana juya wani laifi da mutane da yawa za su ce ƙuruciya ce. Yana ɗan shekara 16, shi da abokansa suka je cikin dare suka kakkaɓe 'ya'yan wata itaciya da ba tasu ba, kusa da gonar inabin gidansu. Ba yunwa ta sa su ba, don a gida akwai waɗanda suka fi su daɗi. Ɗan kaɗan suka ɗanɗana, sauran suka watsa wa aladu. Da ya tambayi kansa dalili, abin da ya gano shi ne da shi kaɗai ne, ba zai yi ba. Daɗin yana cikin yin abin tare, da kunyar a ce kai ne matsoracin cikinsu. Wato ƙaunar abokai, abu mai kyau, ita ce ta karkace ta haifi satar. Duk wanda ya taɓa bin yaran unguwa satar mangwaro ya san wannan.

Ga kuma abin da ya faru a Kartaj, wani birni a ƙasar da yau ake kira Tunisiya, tun kafin a haifi Agustin. A shekarar 250 Sarkin Rum Desiyus ya umarci kowa ya miƙa hadaya ga gumaka, ya karɓi takardar shaida. Masu bi da yawa suka miƙa, wasu suka sayi takardar da kuɗi. Da ƙura ta lafa, suka so komowa. In da zunubi sirri ne, ai sai kowa ya shiga ɗaki ya roƙi gafara, shi ke nan. Amma sai da Bishop Sifiriyan ya tara majalisa a 251. Mai tuba yakan daina cin Jibin Ubangiji, ya yi azumi da kuka a idon jama'a, 'yan'uwa suna yi masa addu'a, sai an ɗora masa hannu kafin ya koma cikin zumunci. Ko sarki bai tsira ba: bayan kisan gillar da sojojin Sarki Tiyodosiyus suka yi a birnin Tasalonika a 390, Bishop Ambros na Milan ya sa sarkin ya tuba a bainar jama'a.

Ba ina cewa na yarda da duk abin da Agustin ya gina a kan wannan tushe ba. Daga Romawa 5:12 a Littafi Mai Tsarki ya koyar cewa dukanmu muna cikin Adamu, mun gāji laifinsa, har ya ce jaririn da ya mutu ba a yi masa baftisma ba yana ƙarƙashin hukunci. Wannan kam ta yi mini tsauri ƙwarai. Felagiyus, wani malamin Kirista na zamaninsa, ya musa gādon, ya ce kowa da nasa zaɓi, majalisar Kartaj ta 418 kuma ta ƙi koyarwarsa. Abin da baƙonku ya faɗa ya fi kusa da ɓangaren da ya sha kaye a muhawarar.

Roƙona shi ne ku ware shiri guda kan wannan gardama ta Agustin da Felagiyus, ku gayyato malamai biyu masu saɓanin ra'ayi, ku kuma ba masu sauraro damar buga waya.

Naku,
Wani mai sauraro daga Wusasa, Zariya