Allunan biki a Jidda: hannun ɗan tsangaya yana da kasuwa

Malam Edita, assalamu alaikum warahmatullah.

Ina gaishe ka da sauran ma'aikata, ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Don Allah a ɗan sammin fili in yi magana a kan sana'ar da muke yi a nan Jidda, saboda duk sanda aka tashi ba da labarin Hausawan Saudiyya ba a wuce maganar kame da tarhil, wato mayar da mutane ƙasarsu, da 'yan aikatau a gidajen Larabawa, alhali akwai mutanenmu birjik da ke cin abinci da sana'ar hannunsu cikin rufin asiri, ba mai jin labarinsu.

Ni 'yar Kano ce aure ya kawo ni, maigidana kuma haifaffen Makka ne ɗan ƙasa, kakanninsa na cikin waɗanda suka taho Hajji da ƙafa ta Chadi da Sudan suka tsallako Bahar Maliya suka zauna. Abin da muke yi shi ne allunan biki, wato allon maraba da ake kafawa a ƙofar ɗakin taro mai ɗauke da suna da kwanan wata, da sunayen da ake yankawa a manna a bayan kosha inda amarya ke zama, da tiren zobe na ranar milka wato ɗaurin aure, da 'yan alamun da ake ratayawa a akwatunan lefe. A nan biki ɗaya allo biyu yake ci tunda ɓangaren maza daban na mata daban, kuma gidaje da yawa ba sa yarda a rubuta sunan amarya a wajen maza, sai dai a ce ɗiyar wane ko a sa harafin farko kawai, toh dole ka tambaya kafin ka taɓa inji.

Lokacin korona aka fara abin, a 2020 da aka rufe ɗakunan biki daga baya aka ce taro kada ya wuce mutum 50, sai mutane suka koma ɗaura aure a falo da saman bene da 'yan istiraha wato gidajen shaƙatawa na haya, kowa na neman ɗan abin da zai ƙawata bango ko dan hoto ya yi kyau. Da ƙaramin injin yanka sitika na Silhouette na fara, a kan teburin cin abinci, ina manna haruffa a jikin falin, wannan farin allon mara nauyi. Ribar ba ta taka kara ta karya ba amma ban taɓa ta ba, na zuba a adashe da matan unguwa, da na ɗauka na sayi istan-istan na ƙarfe da manyan madubai masu firam, don da ruwan ciki ake jan na rijiya. Waɗannan madubai su suka ɗaga mu wallahi, saboda haya muke bayarwa, a manna suna yau gobe a dawo da shi a ɓare a goge a manna na wasu, kaya ɗaya ya yi ta kawo kuɗi.

Amma gaskiyar magana Malam Edita, in don akrilik mai ruwan gwal ne, wannan robar mai kama da gilashi, da salon rubutun Larabci na diwani ko sulus, akwai shaguna a garin nan da suka fi mu inji suka fi mu jari, ba za mu iya karawa da su ba. Abin da ya ba mu gurbi namu na kanmu shi ne allo, allon makarantar allo da kowa ya sani. Wani ƙanin mahaifiyar maigidana, tsoho ne da ya yi karatun tsangaya a ƙasar Borno yana yaro, har yanzu yana fiƙe alƙalamin gamba ya dama tawada da ƙaro, shi ya zana mana zayyana irin wadda ake yi wa allon sauka, ja da ruwan ɗorawa da kore da baƙi, muka ɗauki hotonta muka gyara a kwamfuta muka sa aka yanka katako a siffar allo da ɗan kansa da ƙafafunsa biyu amma dogo ya kai ƙirjin mutum, zayyanar ta zagaye gefe sunayen suna tsakiya. Ranar da aka fara kafa shi a wani biki a Makka tsofaffin mata tsayawa suka yi a ƙofa suna shafa shi da hannu, wata ta kira jikarta da ba ta jin Hausa sosai tana nuna mata tana cewa irin wannan aka yi wa kakanki da ya sauke. Daga wannan bikin kaɗai waya ba ta huta ba, har 'yan Sudan da 'yan Chadi da Barebari suka fara nema tunda su ma da allon suka tashi.

Sai dai akwai abin lura a rubutun. Hannunmu na Warshu irin na Magrib ne, fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama, Balaraben nan in ya gani sai ya karanta ƙaf ɗinmu a matsayin fa. Don haka in baƙin gauraye ne sai mu rubuta sunayen da hannun da suka saba mu bar zayyanar ta zama tamu, in kuma bikin na gida ne zalla tsoho ya rubuta da nasa hannun gaba ɗaya. Masu son boko ma muna yi musu, kuma ba ma yarda a yar da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ don wai inji bai san su ba, akwai nau'in haruffan da ke da su, nema ne kawai. Wajen yankan leza kuma duk ɗigon da ba a haɗa shi da jikin harafi da ɗan siririn layi ba faɗuwa zai yi ya ɓace a cikin tarkace, sai ka ga Zainab ta dawo ba ɗigo ko ɗaya, shi ya sa nake zama in bi kowane suna harafi harafi kafin a tura wa masu leza a sina'iyya, unguwar masana'antu. Mu ba mu sayi leza ba har yanzu kuma ba na gaggawa, injin na son wuri mai fitar da hayaƙi, ba abin ajiyewa a ɗaki kusa da yara bane, kuma duk wanda zai saya ya sani ba a yanka roba irin ta PVC da shi, hayaƙinta guba ne.

Zafin Jidda da danshin teku ma wani darasi ne. Gam mai araha sakin jiki yake yi, harafi ya zame ana tsakiyar zaffa wato rakiyar shigowar amarya, akrilik mai kaurin mili 3 in aka bar shi a bayan mota da rana lanƙwashewa yake, toh babban allo sai mili 5, kuma ba ma ba mandub, wato mai kai saƙo, kaya sai bayan la'asar. Kwanan wata kuwa sai an rubuto mana shi a WhatsApp na Hijira da na Miladiyya duka, don tunda aka mayar da hutun mako Juma'a da Asabar a 2013 yawancin biki daren Alhamis ne ko na Juma'a, kuma in mutum ya ce maka daren Juma'a sai ka tabbatar wanne yake nufi, na wayewar garin Juma'a ko na bayan an sauko masallaci.

Akwai abu ɗaya da ba na sassautawa a kai ko za a fasa cinikin, shi ne rubuta aya a kan abin da za a yar. Kowa na son ayar nan ta 21 a Suratur Rum da addu'ar barakallahu laka wa baraka alaika, kuma abu ne mai kyau, amma ni na ga bayan ɗakin biki da asuba, na ga inda masu shara ke tara falin da furanni da ragowar shinkafa wuri guda. Don haka aya da sunan Allah sai a kan katakon da amarya za ta tafi da shi ta rataye a ɗakinta, ko a kan namu na haya da zai dawo hannunmu. Ina roƙon 'yan uwana masu wannan sana'a a Kano da Kaduna da Maraɗi da ko'ina su duba wannan don Allah.

Rusau ɗin da aka yi a Jidda daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 ya taɓa mu sosai, Karantina da Gulail da Sabil da Petromin duk unguwanni ne da mutanenmu suka yi shekaru aru-aru a ciki, da can in ka yi wa gida ɗaya aiki layin gaba ɗaya ya ji, yanzu kowa ya watse wasu sun yi arewacin gari wasu Makka wasu sun koma gida. Snapchat da Instagram da TikTok su suka maye gurbin bakin unguwa, sai kuma masu lalle da masu turaren wuta da masu girkin biki, mu tura musu su turo mana, don uwar amarya in ta yarda da mai lallenta toh duk wanda ta nuna mata shikenan.

Maganar takardu kuma ba wasa. Sijil ɗin kasuwancin, wato rajistarsa, da sunan maigidana yake kuma shi ke tsaye a kan harkar da kansa, kuɗi ta asusun kasuwancin suke shiga. Ina faɗa ne saboda ina ganin yaranmu masu igama suna karɓar shawarar a nemi wani ɗan ƙasa ya ara musu suna a riƙa ba shi wani abu duk wata, wannan shi ne tasattur kuma dokar da aka sabunta a 2020 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar da ta kai riyal miliyan 5, ga kora a kai, ranar da kuka saɓa da mai sunan kuma injinka da shagonka duk nasa ne a takarda. Gara yaro ya yi aiki a ƙarƙashin shago mai rajista ya koyi sana'ar ya tara abin da zai tara, in ya tashi komawa gida ya buɗe nasa da sunansa. Harajin kaya ma tun Yulin 2020 ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, ƙaramin mai sana'a da cinikinsa bai kai riyal 375,000 a shekara ba ba dole ya yi rajistar harajin ba amma duk falle ɗaya na akrilik da ya saya ya biya shi, toh in bai sa a lissafi ba wahalar banza yake yi.

Wanda ya fi ci min rai shi ne halin wasu daga cikin namu. Mutum zai je shagon Balarabe ya biya arbun wato kafin alƙalami ba musu ya karɓi fatura wato rasit, in ya zo wajenki sai ya ce haba Hajiya ai mu ɗaya ne a bari sai bayan biki, bayan biki kuma kin san zancen, allo mai sunan wasu wa za ki sayar wa. Yanzu rabin kuɗi kafin alƙalami ne ko 'yar ɗakinmu ce, sauran kafin kaya su bar gida, wanda ba shi da hali da gaske ya faɗa min a fili in ba shi madubin haya a sauƙaƙe ko in yi masa don Allah, wannan daban. Sana'ar nan ta lokaci ce, Shawwal da hutun makarantu na bazara ba barci, azumi da kwanakin Hajji kuma shiru, abin da aka samu a watannin cika shi ke riƙe gida da ladan yara biyun da ke taya mu.

Roƙona gare ka Malam Edita, ku tura wakilinku tsangayu a Kano da Maiduguri da Damagaram ya zauna da masu zayyana ya ɗauko aikinsu da labarinsu, saboda tsohonmu idonsa ya fara rauni kuma a nan babu yaron da ya gaje shi. Mu a shirye muke mu sayi zane daga hannun alarammomi da gardawa a biya su kuɗin kowane zane da izininsu, hoto mai kyau ta waya ya wadatar ba sai an aiko da allon ba, kuma na san akwai masu irin sana'ata a Makka da Madina da za su saya su ma.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Taku mai karatu a kullum,
wata mai sana'ar allunan biki, Jidda, Saudiyya.