Jikin mace ne hujjar da malaman Turai suka daɗe suna kafawa

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Na saurari shirinku na makon jiya a kan mata da siyasa, kuma wata magana da baƙonku ya yi ta tsaya mini a rai. Ya ce wai Turawa tun fil'azal sun ɗauki mace daidai da namiji. Ni malamar tarihi ce, na daɗe ina koyar da wannan darasi, kuma ba haka abin yake ba.

Aristotal, masanin Girka da ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya rubuta cewa a halitta namiji ne mai mulki, mace kuwa abar mulka. Ya yarda tana da hankalin yin shawara, amma ya ce hankalin nata ba shi da iko. Hujjarsa kuwa jiki ce: a ganinsa jikin mace bai kai na namiji ɗumi ba, don haka tamkar namiji ce da halittarsa ba ta kammala ba. Malaminsa Aflatun ya ga mata za su iya shiga sahun masu riƙe da gari, sai dai maganar ɗalibin ce ta yi ƙarnuka tana yawo a jami'o'in Turai.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne Faransa. A 1789 'yan juyin juya hali suka shelanta 'yancin ɗan Adam, amma da aka zo rabon ƙuri'a sai aka tsallake mata. Wata mata mai suna Olympe de Gouges ta fitar da tata shelar ta haƙƙin mata a 1791, ta ce tunda ana iya hawar da mace dandalin kisa, to dole a bar ta ta hau mumbarin jawabi. A watan Oktoba na 1793 majalisa ta rufe ƙungiyoyin siyasa na mata, bisa hujjar cewa halittarsu ba ta dace da harkar mulki ba. A watan da ya biyo baya aka fille kan de Gouges. Kullum na zo nan sai in tuna wa ɗalibaina cewa a wannan shekarar aka haifi Nana Asma'u 'yar Shehu.

A Ingila, matar aure ba ta samu cikakken ikon mallakar dukiyarta ba sai a 1882. A Amurka kuwa, wani likita da ya koyar a Harvard, Edward Clarke, ya rubuta a 1873 cewa yawan karatu yana janye ƙarfi daga mahaifar budurwa ya kai wa ƙwaƙwalwa, har ya illata ta. Ranar da na karanta wa 'yan ajina wannan, dariya suka kwashe da ita. Ɗaya ce kawai ba ta yi ba. Bayan an tashi ta same ni a bakin ƙofa, tana murza gefen hijabinta, ta ce: "Malama, ai kusan haka kawuna ya ce da na faɗa masa ina son in karanta likitanci." Na kasa ba ta amsa nan take, na dai riƙe hannunta.

Ƙuri'a ma ba kyauta aka ba su ba. Matan Amurka sun samu a 1920, na Faransa a 1944, na Suwizalan sai 1971, duk bayan gwagwarmaya mai tsawo. Mu ma nan Arewa sai da su Hajiya Gambo Sawaba suka sha ɗauri kafin mata su jefa ƙuri'ar zaɓen shugaban ƙasa a 1979.

Roƙona, Malam Edita, ku sake kawo wannan batu a wani shirin, ku gayyato masanin tarihi, kuma don Allah a sa mace cikin masu magana.

Wassalam,
Mai sauraronku daga Zariya