Wasiƙa kan neman masauki a Istanbul

Assalamu alaikum, aminina.

Ina fata kana lafiya, kai da Maman yara da su auta. Shirun ya yi yawa, ga kuma labari ya taso: tafiyar nan da Baba ya daɗe yana ambato ta tabbata, biza ta fito, Istanbul za mu in Allah Ya yarda, ni da shi da ƙanina. Kai da ka taɓa zuwa, bari in faɗa maka abin da ya hana ni barci, wato masauki.

Ƙanen naka ya samo wani otal mai taurari biyar, da wurin iyo, da ɗakin motsa jiki, da wurin gasa jiki. Tun ranar yake turo hotuna. Da na duba taswira sai na ga yana can wajen tsohon filin jirgin Ataturk, wanda aka daina saukar da fasinja a cikinsa tun Afrilun 2019. Sabon filin yana arewa, kusan kilomita 40 daga tsakiyar gari. Ka ga ke nan otal ɗin bai kusa da inda za mu sauka, bai kuma kusa da abin da ya kawo mu. Kullum sai mun sa dattijo a mota cikin cunkoson birnin da mutanensa suka haura miliyan 15. Wa zai shiga wurin iyon? Baba?

Ka san halin gwiwarsa tun bara. Ni yanzu abin da nake fara tambaya a kowane otal shi ne lifta. A unguwar Sultan Ahmad, inda Aya Sofiya da Shuɗin Masallaci suke kallon juna, yawancin ƙananan otal tsofaffin gidaje ne da aka gyara, matattakala a matse, wasu babu lifta sam, wasu kuma ɗakin karin kumallon yana can saman rufi inda liftar ba ta kaiwa. A hoto abin sha'awa ne, ana shan shayi ana hangen teku. Amma mutumin da ba ya iya hawa bene biyu ba tare da ya huta ba, wannan hangen bai amfane shi da komai ba. Ga titunan da ke gangarawa bakin tekun Marmara, na duwatsu ne, ga tudu. Taswira za ta ce maka mita 400 ne zuwa masallaci, ba za ta ce hawa ne ba.

Shi ya sa zuciyata ta fi kwanciya da unguwar Sirkeji. Ƙasar wurin ta fi shimfiɗuwa, jirgin kan titi na layin T1 yana ratsawa ta nan, ya tsaya a Sultan Ahmad, ya tsaya a bakin babbar kasuwa mai rufi, ya wuce Laleli. Daga Eminonu, wadda ke maƙwabtaka, ana shiga jirgin ruwa a tsallaka mashigin ruwan Bosforus zuwa ɓangaren Asiya, akwai kuma wani layin jirgin kan titi da ke bin gaɓar ruwa har unguwar Ayyub, inda kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake. Ziyarar nan ce Baba ya fi ƙwallafa rai a kai. Kati ɗaya, Istanbulkart, shi ake biya da shi a duk waɗannan.

Na san me za ka ce. Kai da ka sauka a Taksim don kawai a ce kana tsakiyar gari, ka dawo kana ba mu labarin kiɗan titin Istiklal har asuba, idanunka jajur! Har yanzu Kawu yana kwaikwayon hammarka. Wancan karon ka biya mana kuɗin makaranta, mun gode.

Af, ka ji mutuminka ya sake canza wurin aiki? Ya kira ni jiya yana ta rantsuwa wannan ne na ƙarshe. Yaya Babba kuma ta sauka lafiya, mace, an mayar da sunan Inna.

To, taurarin nan da ƙanen naka yake ƙirgawa, na yi ta fahimtar da shi cewa babu ma'auni ɗaya a duniya, kowace ƙasa da nata. Galibi jerin kayan da otal ya mallaka suke nunawa, ba tsabtar zanin gado ko ladabin ma'aikata ba. Ni na fi duba faɗin ɗaki, domin kyamara takan mayar da akurki fada. Ina tambaya ko ɗakin yana da taga, don akwai na ƙarƙashin gini da ake sayarwa da araha. Banɗaki ma na roƙi a turo mini hotonsa: in baho ne mai tsayin baki da sai an ɗaga ƙafa, ban so, shawa nake nema a daidai ƙasa, da abin dafawa a bango. Sai butar dafa ruwa da ɗan firiji saboda maganin Baba. Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayye, don haka zan sayi mahaɗi tun kafin mu tashi.

Abin da ya rage mini shi ne kuɗi. Ɗakin da ake iya sokewa ba tare da asara ba ya fi tsada, amma shi zan kama, saboda lafiyar dattijo ba ta da alƙawari. Zan kuma tabbatar ko harajin kwana da suka fara karɓa a 2023 yana cikin farashin. Jirginmu da sassafe zai sauka, ɗaki kuwa sai wajen ƙarfe 2 na rana ake bayarwa, shi ya sa nake tunanin biyan daren da ya gabata, mu isa Baba ya kwanta kai tsaye. Ƙanina ya ce ɓarna ce. Kai ma haka ka gani? Ka faɗa mini gaskiya, maganarka yake ji fiye da tawa, in ka kira shi ma ya fi.

Ka gaida Maman yara, ka ce mata saƙonta na mayafi yana cikin lissafi, sai dai ta faɗi kala da wuri, don babbar kasuwar ba ta buɗewa ranar Lahadi, fadar Topkapi kuma ranar Talata, dole in tsara kwanakin a kansu.

Naka har kullum,
Amininka