Kafin ka sake shiga kogin nan

Ɗana,

Mamanka ta nuna min hoton da ka ɗora, ku biyar a bakin kogi, ɗaya ma ya diro daga kan dutse da ka. Ban ce mata komai ba amma ranar barcina ragagge ne. Ba hana ka zan yi ba, nima na yi iyo har na gaji, sai dai iyon da ka koya a ruwan da aka kewaye da siminti daban, kogi daban, shi kogi tafiya yake kuma ba ya nuna maka ƙasansa.

Ina kamar shekarunka ruwa ya kusa tafiya da ni a wata kwana. Ruwa iya cinya, na ƙara taku ɗaya kawai sai na ji babu ƙasa. A kwanar kogi ɓangaren waje nan ne ruwa ya fi gudu, yana ta cin gaɓa ta ƙasa yana haƙa rami, sama kuwa lumui kamar ba komai. Na dinga kokawa in koma inda na fito, hannuwa suka mutu, wallahi ko ihu ban iya ba don duk buɗe baki ruwa ne. Wanda ke nutsewa shiru yake yi, ba irin na fim ba. Jarka wani ya wurgo min, da ya faɗo da kansa da mu biyu za a nema. Kaima in abokinka ya shiga uku miƙa masa sanda ko igiya ko jarka mai murfi, kar ka bari ya riƙe ka, mai neman numfashi kanka zai hau.

In ruwa ya ja ka kar ka yi gardama da shi, kwanta rigingine ƙafafu gaba, numfashi ya dawo, sannan ka bi shi a karkace har gaɓa. Kar ka ce za ka miƙe tsaye a ruwa mai gudu, ƙafa na maƙalewa tsakanin duwatsu ko saiwa, ya danne ka. Ƙasan madatsa kuwa, komai ƙanƙantarta, ko kusa, ruwan wajen juyawa yake yana maido mutum.

Kaga ruwa ya yi ja ko yana ɗauko itace da shara, an yi ruwan sama a can inda kogin ke tahowa ko da ku ba ku ga hadari ba, fito. Dira da ka cikin ruwan da ba ka ga ƙasansa ba kuma, dan Allah ka faɗa wa yaron nan wuya ake karyawa.

Sai tsargiya, tsutsarta daga katantanwa take fitowa a ruwan da ya kwanta, ta fata take shiga ba sai ka sha ba. In ka ga jini a fitsari ko bayan watanni ne, je asibiti ka ce ka shiga kogi, akwai magani.

Kar ka je kai kaɗai, kar ku kai magariba. In kun fito turo min ko saƙo ne, wayata na hannu.

Babanka