Rediyon tsohuwar mota na kuka: an bar jaki ana dukan taiki

Malam Edita, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, dan Allah a sam min ɗan fili in yi magana da masu tsofaffin motoci na karkararmu da kuma 'yan uwana masu wayarin, don abin ya fara isata. Ni gyaran rediyo da tef nake yi a bakin tasha, kuma kusan duk rediyon mota da ake cirowa a kawo min wai yana ƙara lafiyarsa ƙalau, in na jona shi da batir a kan tebur sai ka ji shi ras ba ko tari, mai shi ya koma ya maƙala a mota ya tada inji ƙara ta dawo, sai ya ce ban iya gyara ba, ko kuma wani ya zuga shi ya shiga Sabon Gari ya sayo sabo, sabon ma ya kama kuka. Toh ina laifin rediyo a nan? Ƙarar daga motar take fitowa, rediyo kamawa kawai yake yi.

Mu nan har yau Peugeot 504 ba ta mutu ba. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, aka zo ana haɗa ta a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975, kuma duk wanda ke zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis ko Wudil ran Juma'a ya san har yanzu akwai masu lallaɓa ta, da fikof ɗinta da 505 da sauransu. Waɗannan motoci da kwantak da distiributa da koyil suke aiki, wayoyin cikinsu wasu sun girmi direban, an yanke an ƙulla an naɗe da leda ba iyaka, kuma masu su mutanen AM ne da gajeren zango, Rediyon Kaduna a 594, da sashen Hausa na BBC da safe. Shi kuwa AM duk wani tartsatsin wuta da ke kusa sai ya kwaso shi, FM ya fi shi jurewa nesa ba kusa ba, shi ya sa za ka ga mutum yana jin Freedom a 99.5 lafiya lau amma yana juyawa AM sai hayaniya.

Abin da nake so mutane su gane, ƙarar nan ba iri ɗaya ba ce, kuma kunne kaɗai ya isa ya raba maka su kafin ka taɓa sifana. Akwai mai fito, siririya wiiiii, kana taka totur tana hawa sama kana sakewa tana saukowa, in ka kunna manyan fitilu ta ƙara ƙarfi. Wannan ta altaneta ce. Akwai kuma mai tas-tas-tas, a silo kana jin ta a rarrabe, in ka ba da wuta ta haɗe ta zama firrr, wannan ta filogi ce da wayoyinsa da koyil. In ka kasa rabewa ga dabara mai sauƙi ko kwabo ba za ka kashe ba: ka taka totur inji ya ɗaga sannan ka murɗa ki ka kashe shi, amma ka tsaya inda rediyo bai mutu ba. Ta filogi nan take take ɗaukewa ɗif, tunda an yanke wa koyil wuta. Ta altaneta kuwa sai ta bi inji tana saukowa a hankali har ya tsaya, saboda altaneta na juyawa har lokacin. Wallahi da masu wayarin za su riƙa yin wannan gwajin kaɗai da an rage asara.

Bayan nan sai a nemo ƙofar da take shigowa. Ka miƙa hannu bayan rediyo ka zare wayar eriya inji na aiki, in ƙarar ta ɓace toh ta eriya take shiga. In tana nan, ko ka sa kaset ko memori ma kana jinta, toh ta wayar wuta ko ta at, wato wayar negatib da ake ɗaurewa a jikin bodi, take bi. In kuma ka rage murya gaba ɗaya amma fiton yana nan a sifika yadda yake bai ragu ba, kuma an ɗora wa motar amfilifaya a but irin na samarin yanzu, toh can za ka nufa.

Bari in daɗe a kan at, don mafi yawan abin da na gani da idona nan ne gizo ke saƙa. Mota jikinta duka shi ne negatib. Batir na ɗaure da bodi, inji na ɗaure da bodi da wata kitsattsiyar wayar tagulla mai faɗi, rediyo ma baƙar wayarsa bodi take nema. Toh a tsohuwar mota tsatsa ta ci, an yi fenti a kan fenti, an sauke inji an mayar an manta da kitsattsiyar wayar nan ko an bar ta tana lilo da silli biyu. Wani bawan Allah mai jigilar buhunan riɗi ya kawo min 504 ɗinsa ya riga ya canja rediyo ya kuma sayi filtar rage ƙara an saka masa, fito na nan. Da na leƙa ƙarƙashin dashbod sai na tarar baƙar wayar an murɗa ta da hannu a kan wani sukuru da ke riƙe da roba, sukurun ma ya yi ja da tsatsa yana motsi, kana taɓa wayar da yatsa fiton na canja murya. Muka nemi ƙarfe na gaske a jikin bodi, na goge shi da samfefa har ya yi fari yana ƙyalli, na sa wa wayar kai na ɗaure da noti tamau, muka wanke kawunan batir da suka yi farin gari, muka canja wayar inji zuwa bodi. Shi kenan fa. Man giris kaɗan a kai saboda damina. Wayar at ta rediyo gajera ake so kuma mai kauri, ba a jawo ta daga can wani wuri a haɗa ta da ta fanka ko ta waifa.

Haka gindin eriya. Mutane na ganin sandar ce kawai ke aiki, alhali gindinta da ke cije da madigadi ta ciki dole ya taɓa ƙarfe tsirara, shi ne ke sa rigar wayar eriya ta tare hayaniya. Ruwa da laka na taruwa a wurin ya ruɓe, ka kwance ka goge ka mayar. Bonet ma yana da aiki, shi ne murfin da ke tsare tartsatsin inji kada ya kai ga eriya, in hinjinsa ya yi tsatsa sai a sa 'yar kitsattsiyar waya daga bonet zuwa bodi.

In ta tabbata tas-tas ce ta filogi, toh a tuna koyil na ɗaga volt 12 na batir ya kai shi sama da volt 10,000 kafin wuta ta tsallaka bakin filogi, kuma duk tsallakawa ɗaya sai ta watsa hayaniya a iska. Shi ya sa ake yin filogi mai resista a ciki, wajen ohm 5,000, kuma gane shi ba wuya akwai harafin R a lambarsa, a NGK ka ga BPR6ES maimakon BP6ES, a Bosch ka ga WR7DC maimakon W7DC. Mai shago ba ruwansa wanda ke kusa da hannunsa zai miƙo maka, kai ne za ka duba, kuma ka nemi lambar da ta dace da injinka ba wai duk mai R ba. Wayoyin filogi ma haka, akwai masu zallar tagulla a ciki, makanikai na son su wai sun fi ba da wuta ba sa mutuwa, gaskiya ne suna daɗewa amma su ne manyan masu damun rediyo, ba na motarka kaɗai ba har na maƙwabci in ka wuce ta ƙofar gidansa. Masu kabon a ciki su ne ke danne hayaniyar. Kuma ka gwada wannan da daddare bayan isha'i inda ba fitila: buɗe bonet inji na silo ka tsaya ka zuba ido kada ka taɓa komai, in waya ta tsage za ka ga shuɗin tartsatsi siriri yana tsalle daga jikinta zuwa ƙarfe, wani lokaci har a kan hular distiributa, kana jin ɗan ƙas-ƙas ɗinsa. Wannan ba rediyo kaɗai yake ɓatawa ba, man ka ma yake sha a banza, ga fetur yadda ya koma.

Akwai 'yar kondensa da ake ɗaurawa a jikin koyil don wannan matsala, da yawa an cire an yar wai ba ta da amfani. In za a mayar a kula, a ɓangaren da wuta ke shigowa daga ki ake sa ta, mai alamar + ko lamba 15. Ba a sa ta a ɓangaren da ke tafiya wajen kwantak, in aka yi haka wutar filogi za ta raunana mota ta kama shaƙewa, kuma daban take da kondensar cikin distiributa kada a haɗa su.

Ita kuwa altaneta, wutar da take haifarwa mai kai da komo ce, dayod guda 6 ne a cikinta ke miƙar da ita ta zama irin ta batir, ko tana lafiya akwai ɗan saura da ke fita amma batir mai kyau na shanye shi. In dayod ɗaya ya ƙone sai fito ya yi tsanani caji kuma ya ragu, ka ga mota kullum sai an tura. A sa mita a kan batir inji na aiki, ya kamata a ga tsakanin volt 13.8 da 14.4, a juya mitar zuwa AC, wato ma'aunin wuta mai kai da komo, in ta nuna ya haura rabin volt toh a sauke altaneta a duba dayod da burushi. In lafiyarta ƙalau sai a sa kondensa mai mikrofarad 2.2 a kan babbar wayarta ta B+, ita ma wasu da ita suke zuwa daga kamfani. Masu tsohuwar dinamo irin ta 404 da tsohuwar Beetle kada a kuskura a sa kondensa a kan ƙaramar wayarta da ake kira fil, sai a babbar. Wasu na cire fambel na minti ɗaya inji da sanyi don su ji ko fiton zai tafi, yana aiki amma minti ɗayan ne fa, don a 504 bel ɗin ke juya famfon ruwa, a Beetle kuwa shi ke juya fankar da ke sanyaya inji gaba ɗaya, ni ba na ba da shawarar a yi mata.

Yanzu ga wadda ta fi ci min rai, kuma ina roƙon ƙungiyoyin makanikai da masu wayarin su ja wa yaransu kunne. Wannan al'ada ta zare kan batir inji na aiki wai a gwada ko altaneta na caji, dan Allah a daina. Batir shi ke riƙe wutar, kana zare shi wuta na iya tashi ta ninka a ƙiftawar ido, ta ƙona dayod ta ƙona regileta ta bi ta kashe rediyo, wato garin gwaji an haifar da ainihin cutar da ake nema. Na sha karɓar rediyo da aka kashe ta wannan hanya, ka buɗe ka ji ƙauri ka ga IC ta fashe, mai motar kuma bai san abin da ya faru ba an ce masa dama rediyon ɗan China ne. Mita nawa take? Ko a Ƙofar Ruwa ko a Sabon Gari kuɗinta bai kai na altaneta ɗaya ba, mai wayarin da ba shi da mita ban san me yake gyarawa ba.

Sai sababbin tarkace da muke cusa wa tsofaffin motoci. Cajar waya mai araha ta ramin sigari, da ɗan abin bulutut mai watsa waƙa ta FM, da ƙwan fitila LED marasa kyau, duk suna da nasu shuuu ɗin da ba ya bin totur, ka zare su ɗaya bayan ɗaya ka saurara. Masu amfilifaya kuma wayar sauti ta bi gefe ɗaya na mota babbar wayar wuta ta bi ɗaya gefen, ba a ɗaure su tare, a sa fiyus kusa da batir, at ɗinta gajera a kan gogaggen ƙarfe. Filta da ake sayarwa ba na ce ba ta aiki ba, tana rage fiton da ke bin wayar wuta, amma ita ce ta ƙarshe bayan an gama duk waɗannan, kuma ba abin da za ta yi wa ƙarar da ke shiga ta eriya.

Malam Edita, roƙona gare ku ku ware ko rabin shafi ne a mako don irin waɗannan bayanai na sana'ar hannu da Hausa, a riƙa gayyato tsofaffin makanikai da malaman kwalejojin fasaha suna amsa tambayoyin direbobi, yaranmu da ke koyon wayarin a gareji yawancinsu suna karanta Hausa a waya amma littattafan gyara duk da Turanci suke. In kun buɗe filin ni ma zan aiko da bayani kan gyaran gindin eriya da zanen inda kowace kondensa ke zama. Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Mai gyaran rediyo, daga ƙaramar hukumar Taura, Jihar Jigawa.